Surukina, Mai Bibiyar Fashewar Taurari

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. A tsakiyar daminar bana Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke kira Baba. Ya rasu a nan Ƙanƙara, a gidan hayar da muka zauna tun da muka baro Ruwan Godiya.

An yi zaman makoki kamar yadda aka saba, maza a ƙofar gida, mu mata a ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kowa da irin Baban da ya zo yi wa ta'aziyya. Wani dattijo, tsohon ɗalibinsa a sakandaren Faskari, ya aiko a gaya mana cewa da gwangwanin madara da zare Baba ya koya masu kimiyya, kuma bai taɓa ɗaga bulala ba. Wani manomi daga Damari ya ce irin masarar da yake shukawa har yau daga rumbun Baba ya fito. Sai wata tsohuwa 'yar Ketare ta shigo, ta gama gaisuwa, ta ce, "Ashe mai duban nan ne ya rasu? Allah ya jiƙansa, an ce ya san taurari ƙwarai."

Gwaggo, yayar Baba, tana jingine da bango da carbi a hannu. Ta ɗago a fusace.

"Ƙanena bai taɓa yin duba ba. Ko sau ɗaya. Bincike yake yi."

"Binciken me, Hajiya?"

Gwaggo ta buɗe baki, ta rasa abin cewa. Ta juyo ta dube ni. Ni ma, da na fi kowa zama kusa da shi a ƙarshen rayuwarsa, sai hawaye ya riga ni. Tsohuwar ta yi addu'a ta tashi, ba ta samu amsa ba. Wannan abu ya tsaya mani a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ni ungozoma ce. Da aka kawo ni gidan a Ruwan Godiya, tsakanina da Baba sai gaisuwar safe daga bakin ƙofa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Abin da na sani game da ƙuruciyarsa daga bakin Gwaggo da maigidana na fara jinsa, daga baya shi ma ya cike mani giɓin.

Ya yi jami'a a Zariya, aka tura shi ƙasar Turai ƙaro karatu. Ya isa can a daidai lokacin da masana ke fama da wani abu da ya ɗaure masu kai. Akwai wasu taurarin ɗan'adam da aka harba sama don su yi gadin masu gwajin bam a ɓoye. Maimakon bam, sai suka riƙa ganin wata irin walƙiya daga sararin samaniya, ta wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ake kira gamma. Ta kan zo ba sallama, ta yi ɗan lokaci kaɗan, wani lokacin kafin ka ƙifta ido, ta ɓace. Ba wanda ya san daga ina take, ba wanda ya san abin da ke haifar da ita. A kan wannan Baba ya yi karatunsa, a kansa kuma ya fara aiki.

Masana sun rabu biyu. Wasu sun ce abin kusa yake, a cikin garken taurarin da ranarmu take ciki. Wasu sun ce a'a, daga can ƙarshen halitta yake tahowa. Baba yana cikin 'yan kusa. Hujjarsa ita ce, idan daga nesa haka yake, to wutar da ta haife shi ta fi ƙarfin hankali. Babbar abokiyar gardamarsa wata Baturiya ce da suke ofis ɗaya. Ya ce mani sun shekara suna shan shayi tare, ba ranar da suka tashi ba su yi musu ba.

Ana cikin haka babban wan Baba ya rasu, ya bar gida cike da marayu da tsohuwar uwa. Gwaggo ta aika masa cewa gida ba namiji. Ya zo da niyyar ya yi damina ɗaya ya daidaita al'amura ya koma. Bai koma ba. Ya karɓi aikin koyarwa, ya riƙe gonar gado, ya aurar da 'ya'yan wansa ɗaya bayan ɗaya kafin ya aurar da nasa.

Maigidana yana yawan ba da labarin ranar da Baba ya dawo daga Funtuwa da wata mujalla a hamata da ƙunshin tsire mai yawa. Ya tara gidan ya ce kowa ya ci. Aka tambaye shi ko ƙarin girma aka yi masa.

"A'a," in ji shi. "Yau na samu labarin an tabbatar da cewa na yi kuskure."

Ashe masana sun yi nasarar hango ragowar hasken da walƙiyar ke bari bayan ta wuce, abin da Baba ke kira garwashi, sun auna nisansa. 'Yan nesa ne suka yi gaskiya. Wani ƙaton tauraro ne ke mutuwa a can inda hankali ba ya kaiwa, ya rushe a kan kansa, ya fitar a cikin ɗan lokaci da wutar da ranarmu ba za ta fitar ba tsawon rayuwarta. Maigidana ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Amma da kowa ya watse, ya hango shi zaune a zaure shi kaɗai, mujallar a cinya, bai taɓa nasa tsiren ba.

Yana da wata magana da duk wanda ya zauna da shi ya sani: "A auna tukuna." Idan aka ce damina za ta yi kyau, a auna tukuna. Idan aka kawo ƙarar wani, a auna tukuna. Mutane kan zo daga ƙauyuka su ce ya duba masu ranar sa'a ta tafiya ko ta ɗaurin aure. Ya kan ba su ruwa su sha, ya ce, "Taurarin da na sani ba su san an haife ku ba. Ku je ku roƙi Allah." Wasu su tafi suna cewa rowar sani yake yi.

Bayan ya yi ritaya, abokiyar gardamar nan tasa, wadda ita ma ta tsufa, ta neme shi. Ta ce yanzu da zarar tauraron ɗan'adam ya ga walƙiyar, saƙo na bazuwa duniya nan take, duk mai na'urar hangen nesa da dare ya yi a wurinsa sai ya juya ta ya kama garwashin kafin ya mutu. Ta ce a yankinmu ba su da kowa. Ta nema masa ƙaramar na'ura da kyamararta da kwamfuta da farantan sola da batura. Baba ya zama kamar saurayi. Da kansa ya riƙa hawa dutsen da ke bayan gonarsa yana duba magina, har suka zuba ginshiƙin siminti inda za a ɗora ta. Ya ce zai koya wa ɗaliban sakandare aiki da ita.

Akwatin ya iso a shekarar da aka fara tare mutane a hanyoyinmu. Aka ce a dakata har abin ya lafa. Abin bai lafa ba. Dutsen nan ya zama wurin da ba mai zuwa ko da rana tsaka. A lokacin ne kuma idon Baba ya fara dusashewa, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara.

Ina tuna wata yamma a wannan tsakanin. Labari ya zo cewa an kashe wasu samari a ramin haƙar zinare a cikin daji, har da ɗan maƙwabcinmu. Baba ya dawo daga jana'iza ya zauna a tsakar gida, abin da ba ya yi idan ina wurin. Na tashi zan shige ɗaki, sai ya ce da Gwaggo, wadda ta zo mana kwana biyu, "Yaya, kin san daga ina zinare yake? Kwanan nan aka gani. Gawar tauraro biyu ne ke karo da juna, su fashe, su watsa shi. Wanda ke kunnenki ma daga can ya zo, tun ba a yi ƙasar nan ba. Ya yi duk wannan tafiya, ya zo ya kwanta a dajinmu, ga shi muna binne yara a kansa." Ni dai na ga Gwaggo ta kai hannu ta taɓa ɗan kunnenta.

Rigimarsu da Gwaggo kuwa a kan tashi ce. Ita ta riga ta baro Damari, inda take aure, ta koma Ƙanƙara. Mu ma maigidana ya samo haya, amma Baba ya ce ba inda za shi. Uwarsa a nan take kwance, gonarsa a nan, ginshiƙinsa a nan. Aka yi lallashi, aka turo limami, ya ƙi. Rannan sai ga Gwaggo a gaban motar ɗaukar kaya. Ba ta ko zauna ba. Ta sa matasa suka ciccibi akwatin na'urar daga zaure suka ɗora a mota, ta hau baya da tsufanta ta zauna a kansa.

Baba ya fito yana lalube da sanda. "Yaya, wane irin abu ne wannan? Ki sauko mani da kayana."

"Ba zan sauko ba. In kana son akwatinka, ka same shi a Ƙanƙara."

"Ke kika dawo da ni garin nan, yanzu kuma ke za ki fitar da ni?"

"Ni ce. Na dawo da kai ka riƙe gida, ka riƙe. Ban dawo da kai don a zo a ɗauke ka a kai ka daji ba."

Sai Baba ya ce a ɗauko masa buta da rediyonsa. Har azumin shekarar ya wuce, tsakaninsa da ita sai "ina kwana" da "lafiya lau." Ita kuma kullum sai ta aiko masa da kunun tsamiya na buɗa baki, yana shanyewa tas, yana cewa a gaya mata tsamiyar ta yi yawa.

A Ƙanƙara na samu aiki a wani ƙaramin asibiti da ke bakin gari, inda matan da suka gudo daga ƙauyuka ke zuwa haihuwa. Ba wuta. Wata rana ina ba maigidana labarin yadda na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki, ban san Baba na ji ba. Washegari ya sa aka kira mai gyaran sola, aka kwashe farantan da baturan da aka aiko domin na'urarsa, aka kai asibitin aka kafa. Maigidana ya ce, "Baba, in hanya ta buɗe fa, da me za ka kunna ta?" Ya ce ya riga ya gaya wa Baturiyar da ta aiko kayan, ta ce da ita ce ma haka za ta yi. Bai ƙara tada maganar ba.

Da idon ya tafi gaba ɗaya, shi ya fara karya kunyar da ke tsakaninmu. Ya kira ni bayan La'asar, ya miƙo wayarsa.

"Ɗiyata, mijinki ba ya zama. Ke kin iya Turancin asibiti, wannan ma ba zai gagare ki ba. Karanta mani."

Saƙonnin masu binciken ne, cike da lambobi. Na fara ina tuntuɓe, yana gyara mani. A hankali na gane abin da yake son ji. Walƙiyar doguwa ce ko gajera? Ta wane gefen sama? An ga garwashinta? An auna nisa? Kusan kullum sai an samu ɗaya. Na kan zauna a bakin ƙofa da tiren tsintar shinkafa, shi yana kan buzunsa da shayi ba sukari. Idan aka ce wani a wata ƙasa ya kama garwashi da ƙaramar na'ura, sai ya ce, "Madalla da shi."

Sai ranar nan, a ƙarshen wata damina. Na buɗe wayar na ga saƙonni sun taru fiye da kullum. Ina karantawa yana gyara zama. Walƙiyar da aka gani da ranar nan ta yi ƙarfin da har na'urorin da ke sama suka kasa auna ta. Ba a taɓa ganin irinta ba. Ya ce in maimaita masa wurin. Na maimaita. Ya yi lissafi da yatsu, leɓensa na motsi.

"Bayan Magariba tana saman kanmu," in ji shi. "Ɗiyata, wannan ko tamu za ta kama ta. Kira mani mijinki."

Maigidana ya rufe shago ya taho. Muka ɓalle akwatin da bai taɓa buɗuwa ba sai don a kakkaɓe ƙura, da ranar da aka kwashe kayan sola. Aka ciro batirin mota. Kusa da mu akwai wani gini da ba a ƙarasa ba, mai rufin siminti, can muka hau da kayan, maigidana ya goya mahaifinsa a matakala. Baba yana shafa kowane ƙarfe da hannu yana faɗin inda zai shiga. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Aka idar da Magariba, taurari suka fara fitowa, na'urar ta yi ƙara ta fara juyawa. Ya ce in kunna kwamfuta in gaya masa abin da na gani.

Ban kai ga gani ba muka ji ana ihu a ƙasa. Maƙwabta sun hango wani dogon abu mai baki kamar na bindiga a saman gini, da mutane a kusa da shi, sun kira 'yan sintiri. Suka hau da fitilu da makamai, suka ce kowa ya ɗaga hannu. Ban ga laifinsu ba, a satin nan aka shiga wata unguwa aka kwashi mutane. Babbansu ya gane Baba, ya rage murya, amma ya ce doka ce, ba a hawa sama da wani abu bayan faɗuwar rana sai da izinin mai unguwa.

"Ɗana," in ji Baba, "ka leƙa da idonka, madubi ne kawai a ciki. Abin da nake nema yana dusashewa yanzu haka da muke magana."

"Baba, na yarda da kai. Amma in na bari, gobe wani zai hau da abin da ba madubi ba."

Aka tafi neman mai unguwa, aka tarar yana masallaci, aka jira ya fito. Ya zo da kansa, ya saurara, ya ba Baba haƙuri, ya ce a ci gaba. Ina juyawa wajen kwamfuta sai iska mai sanyi ta bugo daga gabas. Baba ya riga mu sani, ya ɗaga fuska yana shaƙa.

"Hadari ne ko?"

Maigidana ya ce, "Ƙila ya wuce, Baba."

"Ba zai wuce ba. Dawa na son wannan ruwan. Ku rufe madubin kada ya jiƙe."

Aka kwana ana ruwa, washegari ma sama a rufe. Kafin gari ya washe sosai, garwashin ya yi rauni, ya fi ƙarfin 'yar na'urarmu da hannunmu na koyo. Na ci gaba da karanta masa rahotannin waɗanda suka kama ta daga ƙasashe daban-daban. Ya saurari kowanne har ƙarshe. Da na gama, ya ce, "An auna ta da kyau. Ba a rasa komai ba don ba mu." Na ce haka ne, Baba. Ni da shi duka mun san abin da aka rasa.

Bai ƙara cewa a buɗe akwatin ba. Daga baya ya sa maigidana ya kai shi sashen kimiyya na wata jami'a, ya ce gara ya tsufa a hannun masu ido.

Abin da ke damuna shi ne, mutumin nan ya yi shekaru a cikinmu da ilimin da mutane ke ƙetare teku su nema, mu kuwa abin da muka fi tambayarsa shi ne yaushe za a yi shuka. Yaran da ya so ya koya wa sun watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu makarantarsu ma an rufe. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana da-na-sanin dawowa gida. Ya ce, "Marayun nan duk sun zama mutane. Wannan na gani da idona. Wancan kuwa ban san abin da zan zama ba." Ya juya kofin shayinsa, ya ƙara da cewa, "Amma ina tunaninsa, ɗiyata. Ba zan ɓoye maki ba, kullum ina tunaninsa."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da jikin ya yi nauyi, maigidana ya fara shawara da 'yan'uwa a kan yadda za a kai shi Ruwan Godiya idan ta Allah ta kasance, don kowa ya san yana son ya kwanta kusa da mahaifiyarsa. Wani ya ce za a nemi rakiya, wani ya ce a bi ta wata hanyar da sassafe. A ƙofar ɗakinsa suke maganar, suna zaton barci yake. Sai muka ji muryarsa, a hankali amma sarai.

"Kada wanda ya bi hanyar nan saboda gawa. Inda na faɗi, nan za ku sa ni. Ban yafe ba in aka saɓa."

Haka aka yi. An binne shi a maƙabartar bayan gari a Ƙanƙara, cikin mutanen da bai sani ba. Mazajen matan da suka haihu a ƙarƙashin fitilarsa su suka karɓi diga suka haƙa kabarin, ba wanda ya kira su.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya nuna masa a can abin da bai samu gani ba a nan. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta sa aka kira mata maigidana. Ya durƙusa a gabanta. Ta tambaye shi ko akwai sauran fili a gefen kabarin. Ya ce akwai.

"To ka je ka sa alama," in ji ta. "Ni na kawo shi garin nan. Ba zan bar shi shi kaɗai a cikin baƙi ba."